Allon da Aka Fara Daga Dama

Sunan kakana Malam Bawa Gazali. Na fara da wannan ne saboda in kun shiga Gidan Dare kuka tambayi gidan Malam Bawa Gazali, tsayawa za a yi ana kallonku. Masu suna Bawa sun yi yawa a unguwarmu, akwai mai nama, akwai na bakin masallaci, akwai wanda ya yi aikin siminti a Kalambaina. Amma in kuka ce gidan Otokos, ko yarinya mai tallan gyaɗa za ta nuna muku ƙofarmu. Wannan suna shi Kaka ya ɗauka tun yana matashi har ya tsufa, kuma babu abin da ya roƙa a duniya kamar a sauke masa shi kafin a kai shi makwancinsa.

Ni ce Khairiyya, 'yar babban ɗansa Kabiru. A ɗakin kakata Inna Dije na tashi, shi ya sa labarin gidan ya taru a wurina. Abin da zan faɗa, wani daga bakinta na ji, wani daga bakinsa, sauran kuma a gabana aka yi.

Kaka bai yi boko ba. Allo ya yi, ya sauke, kuma rubutunsa na ajami har maƙwabta kan zo su ce ya rubuta musu. A shekarar da aka yi canjin hannu, wato lokacin da motoci suka bar hagu suka koma dama, yana ango, yana neman aikin da zai riƙe gida. Sai ya samu shiga wurin wani ɗan kwangila da aka ba aikin sababbin allunan hanya. Aiki ne na gaggawa. A lokacin ba irin korayen allunan yanzu masu ƙyalli ake yi ba. Farantin ƙarfe ne mai kauri, a shafe shi da farin fenti, a sa baƙaƙen haruffa, a rubuta nisa da mil. Haruffan kuma ba da hannu ake zana su ba. Akwai 'yan kwanoni, kowanne an yanke siffar harafi ɗaya a jikinsa. Shugaban ma'aikata ne ke jera su a kan allo, Kaka ya bi da buroshi.

Wata rana aka aiko wa shugaban cewa matarsa tana naƙuda. Yana sauri ya ɗora kwanoni shida bisa juna, ya miƙa wa Kaka, ya ce na sama shi ne na farko, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Bai faɗa masa ta wane gefe zai fara ba, shi ma Kaka bai ga abin tambaya ba. Duk rubutun da ya taɓa yi a rayuwarsa daga dama yake farawa. Ga shi kuma a shekarar, rediyo da 'yan tasha da kowa, maganarsu ke nan, komai ya koma dama. Ya yi bisimilla, ya ɗora harafin farko a hannun dama, ya yi ta jerawa zuwa hagu.

SOKOTO aka so a rubuta. Abin da ya fito shi ne OTOKOS. Lambar ƙasa ce kaɗai ta tsira, domin mil goma sha ɗaya ce, ta ko'ina aka faro ta daidai take.

Inna ta ce a ranar, cike da fara'a ya dawo gida. Ya ce mata yau shi kaɗai ya rubuta sunan gari, layi bai karkace ba, fenti bai zuba ba. Har wurin mahaifinta ya je ya faɗa. Duk lokacin da Inna ta kawo nan a labarin sai ta gyara ɗankwali. Ina jin wannan zuwan wurin suruki ya fi komai ci masa rai.

Leburori suka ɗora allon a mota, su ma babu mai karatun boko a cikinsu, suka kai shi wata mararraba can bayan Kalambaina, suka kafa shi a kan ƙarfen dogo biyu, suka zuba siminti. Sai da aka kwana biyu wani akawu mai bin motocin dutse ya shigo wurin aikin yana dariya, yana tambaya a ina garin Otokos yake, domin ya ga saura mil goma sha ɗaya a isa amma ya neme shi ya rasa. Shugaban bai kori Kaka ba. Dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce za a je a sauke. Kaka ya ce da korar aka yi masa da ta fi sauƙi. Kafin mako ya zagayo babu mai kiransa Bawa a wurin. Shi da kansa ya daina zuwa. Kwangila ta ƙare, ɗan kwangila ya tafi, daga baya aka ɗauke kwalta aka bi da ita wani gefe, tsohuwar hanyar ta koma ta jakuna da amalanke. Allon bai sauka ba. Sunan kuma ya riga ya shigo gari a bakin abokan aiki.

Fenti kaɗai ya iya, don haka bai bar shi ba, haruffa ya bari. Ya kama rumfa a kasuwa yana yi wa akwatunan ƙarfe da gadajen ƙarfe ado, irin waɗanda ake kai wa amare. Furanni yake zanawa, da tsuntsaye, da wata da tauraro. Da wannan ya ciyar da 'ya'ya bakwai. In mai saye ya ce a sa sunan amarya a murfin akwati, sai ya ce a kai gaba. Har da ajamin ba ya yarda. Kuma tun daga lokacin bai sake bin hanyar Kalambaina ba. In rasuwa ta kama a can wajen, sai ya yi zagaye mai nisa, ko ya aika Baba, wato mahaifina.

Ba mutum ne mai faɗa ba. In aka kira shi da sunan a kasuwa yakan amsa, domin mai kiran ciniki ya kawo. Sai dai Inna ta ce tana gane ranar da aka yawaita, saboda tuwo kan dawo kamar yadda aka kai shi. Ita kuwa, a tsawon zamansu ban taɓa jin ta ambaci sunansa na yanka ba, balle wancan. Malam take cewa. In baƙuwa ta shigo ta ce nan ne gidan su wane, sai Inna ta ce nan ne gidan Malam, ta tsare ta da ido har sai ta gyara.

Mu ma mun sha namu. A firamare in na yi kuskure a allo sai 'yan aji su ce gado ne. Akwai wadda ta riƙa rubuta sunana baibai a bangon aji. A sakandare na ɓoye unguwarmu har aji uku, sai ranar da aka zo ziyara wata ta ga Baba ta ce ai wannan ɗan Otokos ne mai hatsi. Baba ma a kasuwar hatsi da haka aka san shi, kuma ban taɓa ganin ya ɗaga kai in aka faɗa ba.

Tsakanina da Kaka wasa ne, irin na kaka da jika. Amarya yake ce mini, ni kuma in ce na fasa, tsoho ba ya iya cefane. Ina aji biyar na firamare, wata rana da la'asar ya kira ni bayan rumbu inda ba kowa, ya share ƙasa da tafin hannu.

Ya ce, "Amarya, gwada mani yadda aka rubuta sunan garin ga."

Na rubuta da tsinke. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ta ina na faro. Na nuna masa. Ya karɓi tsinken. Hannunsa da kansa ya tafi dama, sai ya kama shi da ɗaya hannun ya dawo da shi hagu, kamar mai jan akuya daga gonar mutane. Na yi dariya, shi bai yi ba. Daga ranar muka riƙa zuwa bayan rumbu jefi-jefi. Haruffan nan kaɗai ya koya, bai nemi ƙari ba. In mun gama sai ya share da ƙafa, ya ce kada ubana ya ji. Baba ɗan fari ne, Kaka ba ya kiran sunansa, ubanki yake cewa.

Bara, bayan an yi girbi, ƙafafunsa suka fara kumbura, ya daina fita rumfa. Sai ya aike ni in sayo ƙaramin gwangwanin farin fenti da na baƙi. Da yamma ya sa aka kira Baba, ya ce yana so a kai shi bayan Kalambaina. Baba ya ce ai allon nan da wuya in yana nan, masu sayen tsohon ƙarfe sun gama kwashe irinsu, ko na cikin gari ba a bari ba. Kaka ya ce in sun ɗauke Allah ya yi musu albarka, in kuma yana nan zai shafe shi ya rubuta daidai. Tunaninsa shi ne muddin allon na tsaye, sunan ba zai faɗi ba.

Baba ya ari motar abokinsa Sirajo, muka tafi da hantsi, ni a baya da gwangwanaye a cinya. Mun wuce kamfanin siminti, muka sauka daga kwalta, muka hau jar hanya mai ramuka. Baba ya tsayar da wani ɗan kabu-kabu mai babur zai yi tambaya, ya rasa yadda zai faɗa, sai ya ce ko akwai wani tsohon allo a gaba. Mutumin ya ce, au, Otokos za ku, ai ku miƙe kawai. Kaka ya juya fuska wajen gonaki.

Yana nan. Tun daga nesa muka hango shi a gindin wata tsamiya. Farin ya koma launin ƙasa, tsatsa ta ci kusurwa ɗaya, amma baƙaƙen haruffan suna nan raɗau, layi bai karkace ba, kamar yadda ya gaya wa Inna. Abin da ban yi zato ba shi ne mutane. Mararrabar ta zama 'yar tasha, ga mai shayi, ga masu albasa, ga babura a jere, an ɗaure tunkiya a ƙafar allon.

Wani dattijo mai suna Malami, wanda shi ne kamar babban wurin, ya taso ya tarbe mu, ya sa aka kawo benci. Da ya ga Kaka ya kafa wa allon ido, sai ya ɗauka baƙi ne masu son tarihi. Ya ce ƙauyen yana da sunansa na asali, amma direbobi ba su san shi ba, Otokos suka sani, ko marar lafiya za a ɗauka da wannan ake kwatance. Ya ce Otokos wani Bature ne da ya fitar da hanyar, zazzaɓi ya kashe shi, aka sa sunansa. Ya ce sau biyu masu tsohon ƙarfe na zuwa da zarto, samari suka kore su.

Na dubi Kaka. A wurin nan babu wanda ya san wani Bawa. Sunan ya rabu da shi, ya koma kan Baturen da ba a taɓa haifa ba. Baba ya sunkuya ya ce masa a hankali su tafi, abin da yake nema ai ga shi ya samu. Da mun tashi a lokacin, da shi ke nan. Amma Kaka ya ce a cikin gari ba Bature aka sani ba, shi aka sani. Ya miƙo hannu na ba shi gwangwanin farin fenti.

Malami ya ga buroshi, fuskarsa ta sauya. Ya tambaya ko daga hukuma muke. Baba ya ce a'a. Ya ce to allon ba ya taɓuwa, in aka shafe shi an shafe su. Mutane suka fara matsowa. Baba ya shiga kame-kame, yana cewa tsohon yana da dalili. Malami ya ce a faɗi dalilin.

Kaka ya ce, "Babu wani Bature. Ni na rubuta shi. Sakkwato anka ce in rubuta, niy yi kuskure."

Wani saurayi mai babur ya matsa kusa da allon, ya sa yatsa a harafin ƙarshe, ya karanto shi da baya, harafi bayan harafi. Da ya kai ƙarshe sai ya dafe kai. Dariyar ta faro daga wurinsa ta bi tasha kaf. Ba ta mugunta ba ce, na san haka, amma ni dai ji na yi kamar ƙasa ta buɗe in shige. Malami ya kama hannun Kaka da hannu biyu yana girgizawa, ya juya yana kiran mutane.

"Ku taho ku ga Otokos da kainai. Ashe yana raye."

Suka zagaye shi. Aka tsayar da shi a gindin allon, samari suna ɗaukar hoto da waya, wannan ya dafa kafaɗarsa, wancan ya matso. Mai shayi ya haɗo masa shayi mai kauri ya ce ba ya karɓar ko sisi. Aka sa mana buhun albasa da zabi biyu a bayan mota. Malami ya ce gidansa gidanmu ne har abada, amma maganar fenti a bar ta, yanzu ma da suka san mai shi suka fi son abinsu. Kaka yana tsaye, gwangwani a hannu, yana ta cewa madalla, madalla. Hularsa ta karkace, bai gyara ba.

A hanyar dawowa zabin suna ta kuka a baya. Muna hawa kwalta Kaka ya yi magana, kuma ranar ce kaɗai na ji ya kira sunan Baba.

Ya ce, "Kabiru, allo ya hi ƙarhina. Amma ran da nim mutu, a yi shela da sunan da ubana yas sa mani. Kak ka bari a kai ni da wancan."

Baba ya ce in Allah ya so. Kaka ya ce ba haka yake son ji ba. Baba ya ce ya yi alkawari.

Kafin mu kwana biyu hoton ya zagaya wayoyin unguwa. Waɗanda suka manta asalin sunan suka tuna, yaran da ba su sani ba suka sani. Kaka bai sake fita ko zaure ba. Inna ta yanka zabin ta rabar wa maƙwabta, ba a ci a gidanmu ba.

Ya rasu wata Talata bayan sallar asuba, ana sauran kwanaki kaɗan azumi. Baba ya cika alkawari. Aka faɗa a lasifikar masallaci cewa Allah ya yi wa Malam Bawa Gazali rasuwa, za a yi jana'iza kafin azahar. Haka aka tura a wayoyi, haka aka aika kasuwa. Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani. Rana ta ɗaga. Na leƙa ta zaure na ga tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofar gida, rabinsu babu kowa. Maƙwabta na kusa ne kawai da dangi. Wanda aka aika kasuwa ya dawo ya ce duk wanda ya gaya wa sai ya ce Allah ya jiƙan Musulmi, wane Bawa ke nan, ya ci gaba da awonsa. Har wasu sun tafi gidan Bawa mai nama, suka tarar da shi yana fiɗa.

Baba ya shigo cikin gida ya tsuguna a ƙofar ɗakin Inna. Ya ce mutanen da ke waje da ƙyar su cika sahu biyu, mutumin da ya yi shekara hamsin a kasuwa. Ya ce ya san abin da zai kawo su, amma ya yi alkawari, kuma ni shaida ce. Na sunkuyar da kai. Inna tana zaune a kan tabarma, ta ja carbinta har ƙarshe.

Sannan ta ce, "Tai ka hwaɗi sunan da anka san shi da shi. Kunya ta ƙare mashi, sahu shika bukata yanzu. In da laihi, a kaina."

Ko a lokacin ba ta iya furta sunan ba. Baba ya tashi kamar wanda aka ɗora wa buhu. Bai aiki kowa ba, da kansa ya je masallaci. Muna cikin gida muka ji lasifika ta yi ƙara, sai muryarsa. Ya ce Malam Bawa Gazali da aka yi shela ɗazu, shi ne Bawa Otokos mai fenti. A cikin matan da ke tsakar gida wata dariya ta kufce mata, ta yi maza ta toshe baki da mayafi. Inna ta rufe ido.

Ba a jima ba titinmu ya cika. 'Yan kasuwa suka rufe rumfuna suka zo, da maƙera masu akwati, da tsofaffin direbobi, da mazan da matansu ke ajiye da akwatinsa tun na aure. Sahu ya fita daga ƙofar gida ya kai bakin kwalta. Waɗanda suka je maƙabarta sun ce sun daɗe ba su ga jama'a haka a unguwar ba. Washegari Malami ya zo da mutanensa cike da mota, suka yi gaisuwa, suka ce sun yi rashin uba.

Kowa ya ce wa Baba ya yi daidai, har liman. Shi dai sai ya kau da kai. Da aka share makoki ya kira ni ya tambaya ko gwangwanayen nan suna nan. Na ce suna ƙarƙashin gadon Inna, ba a buɗe ba. Ya ce a bar su. Ban san abin da yake nufin yi da su ba, kuma ban ga alamar shi ma ya sani ba. Abin da na lura kawai shi ne, watan jiya da aka yi rasuwa a can bayan Kalambaina, zagaye ya yi, kamar yadda Kaka yake yi.

Allon yana nan a gindin tsamiya, ga duk mai son ganin irin na da. Wanda ya rubuta shi sunansa Malam Bawa Gazali. In kun yi masa addu'a, don Allah da wannan za ku yi.